Yadda Ake Haɗa Shirin Rediyo Daga Bakin Gulbi

[Hoto: Matan Fada da sassafe, masunta suna gyaran homa]

Nan ne Matan Fada a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Sai dai da an watse biki, makirufo kan koma birni, alhali masunci da manomin fadama suna nan rani da damina. Shirin rediyon al'umma nasu ne. Ga yadda ake haɗa na minti 30.

Yanayi ne ke zaɓa maka batu. Agusta da Satumba, maganar ambaliya ce, musamman in an saki ruwan madatsar Goronyo ya gangaro ta gulbin Rima. Shinkafa ta fara nuna, sai batun tsuntsayen jan baki. Rani ya shigo, ban ruwa da ajiyar albasa irin ta Aliero.

Kafin ka ɗauki muryar kowa, fara da gaishe da Sarkin Ruwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Wanda ya tsallake wannan, amsar da zai samu ba ta wuce "lafiya lau".

[Hoto: hannu riƙe da waya kusa da bakin wani dattijo]

Wayar hannu ta isa aikin. Rufe layin tukuna, don kira ɗaya na iya yanke maka hira. Bar tazarar taki ɗaya tsakanin waya da bakin mai magana, ka ɗan karkatar da ita gefe, kada hucin numfashi ya riƙa bugun makirufo. Iska ce babbar matsala, balle da hunturu: lulluɓe bakin wayar da soso ko safa mai tsabta, ka juya wa iskar baya. In injin ban ruwa na aiki a kusa, roƙi a kashe shi ko ku matsa nesa, domin ƙararsa na da wuyar gogewa a kwamfuta. Sannan ka ɗauki minti ɗaya na sautin wurin zalla, motsin ruwa da bugun filafili. Da shi za ka rufe wuraren da ka yanka. Kada ka bar wurin sai ka saurara da abin kunne.

Tambaya kuwa, in ka ce "Kifi ya ragu?" za a ce maka "E", shi ke nan. Gwada haka: "Baba, wane kifi kuke kamawa a nan kuna samari, wanda yanzu ya yi wuya?" Nan za ka ji labarin giwan ruwa da balli, da wurin da suke ƙwai. Kada ka gyara masa Kabancinsa, shi ne daɗin shirin. Mai Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci, bar muryarsa ta fito daƙiƙa 10, ka rage ta, fassara ta hau. Mata masu bandar kifi da masu turara shinkafa, 'yar'uwarsu mace za a tura musu har gida.

Rabon lokaci: gabatarwa minti 2, muryoyin bakin gulbi 10, malamin gona 8, kiran masu sauraro 8, sauran 2 farashin kasuwa da hasashen yanayi na hukumar NiMet. A sa shi bayan sallar isha'i, a maimaita da safe kafin a fita gona.

Inda ake yin ɓarna shi ne maganin feshi. Mai gabatarwa kada ya faɗi awo da ka. Malamin gona ne zai karanto daga jikin kwalbar, ya faɗi yawan magani da girman tankin goyo, lita 16 ne ko 20, ya maimaita sau biyu. In mai kira ya fara bayanin yadda ake zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa don kama kifi, a tare shi nan take, a juya maganar kan illarsa ga mai cin kifin da mai shan ruwan.