Gona da Daji a Idon Talabijin

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Duk wanda ya saba zama gaban talabijin bayan sallar isha'i ya san hoton da ake kawo masa idan an zo labarin noma: sabuwar tarakta tana kaɗa ƙasa, babban jami'i yana jawabi a ƙarƙashin rumfa, ga buhunan takin zamani an jera a bayansa. A watan Janairun 2022 an nuna mana dalar shinkafa a Abuja, buhu kan buhu, har ta tuna wa dattawa dalar gyaɗar Kano. Idan kuma mai kallo ya sauya tasha zuwa shirin namun daji, sai ya tsinci kansa a Serengeti ta Tanzaniya ko Masai Mara ta Kenya, inda zaki ke bin barewa a fili mai faɗi, babu rumbu, babu bukka, babu ko mutum ɗaya riƙe da fartanya. Da haka talabijin ya raba gona da daji gida biyu, alhali a ƙasashenmu manomi da naman daji ƙasa ɗaya suke takawa, ruwa ɗaya suke sha.

Mu fara da ma'aunin da ake auna albarkar noma da shi. A gaban kyamara, yawan buhu shi ne komai, domin buhu yana ƙirguwa kuma yana kyau a hoto. To amma ɗaya daga cikin manyan nasarorin noma a yankin Sahel ba shi da bikin buɗewa. Tun farkon shekarun 1980, manoman jihar Maraɗi, tare da wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon itatuwan da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, suna rage rassan, suna barin masu ƙarfi su girma. Wannan dabara, da ake kira sassabin zamani, ta bazu har Damagaram, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin gawo a tsakiyar damina ya san dalilin da ya sa manomi ke girmama shi: yakan zubar da ganyensa daidai lokacin da yabanya ke buƙatar rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe tsayi da kauri, sa'an nan da rani 'ya'yansa su ciyar da awaki da tumaki. Aikin shekara goma ne, ba ya shiga rahoton minti biyu, shi ya sa yaro a Kano zai iya sanin damisar Indiya bai taɓa ganin wannan a allon gidansu ba.

A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, waɗanda a 1996 saura 49 kacal suka rage a duniya, yanzu kuma sun haura 600, har a 2018 aka kwashi wasu zuwa Gadabeji. Abin alfahari ne, kuma ya cancanci a nuna shi. Sai dai waɗannan dabbobi ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin talakawa suke yawo, suna cin wake da ganyen mangwaro. Manomin da ya wayi gari ya tarar an kwashe masa waken da yake sa ran sayarwa, kuma ya haƙura bai ɗauki makami ba, shi ne ya biya kuɗin wannan nasara daga rumbunsa, ya kamata a ji muryarsa. Haka lamarin yake a ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956. Masu ɗaukar hoto kan tsaya a ruwan ɗumi na Wikki, su ɗauki hoton garken giwaye, su juya, ba su kwana ba balle su ga abin da giwa ke yi wa gonar masara a dare guda.

Inda abin ya fi damuna shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Idan shinkafa ta fara nuna, sai ka ga yaro tun asuba ya hau wani ɗan gado da aka ɗaure a tsakiyar gona, an ja igiyoyi daga inda yake zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Da tsuntsayen jan-baki sun taso kamar hadari, sai ya fizgi igiya yana ihu, su tashi su sauka a gonar maƙwabci, shi ma nasa yaron ya kora su dawo. Haka zai yini har magariba, muryarsa ta dushe, makaranta kuma ta wuce shi. Abin da talabijin ke kawo mana daga nan yawanci shi ne jirgin sama yana feshin magani, a ce an ceto amfanin gona. Ba a cika tambayar abin da feshin ke yi wa kifi da sauran tsuntsaye ba, ciki har da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wannan fadama. Ba a kuma cika komawa tushen matsalar ba, wato yadda madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar ruwan kogi, ciyawar kachala ta samu wurin yaɗuwa ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama makwancin tsuntsayen. Masunci da makiyayi da manomin shinkafa duk sun san wannan sarai, kuma za su bayyana shi fiye da baƙon da aka kira ɗakin watsa shiri.

Na san uzurin da ma'aikatan gidajen talabijin za su kawo, kuma uzuri ne na gaskiya. Tura mota da kyamara ƙauye na kwana uku yana cin kuɗi, alhali bikin rabon taki an gayyace ka ne, shirin namun daji na waje kuma a shirye yake zuwa. Duk da haka, tashar da ke iya tura wakili bin ayarin 'yan siyasa tana iya ware rabin sa'a a mako, ta zaɓi ƙauye ɗaya a bakin fadama ko a gefen Yankari, ta bi shi daga sharar gona zuwa shuka, daga noman farko zuwa girbi, da harshen da mutanen wurin ke ji. A saka makirufo a gaban mai gona da mai gadin daji a zama ɗaya, a tambaye su wa zai biya diyyar ɓarna, kuma ta yaya. Yau da wayar hannu mai kyamara ta shiga kusan kowane ƙauye, yaron nan da ke kan gado yana jan igiya zai iya aiko da hotonsa da kansa, abin da ya rage shi ne a samu editan da zai saka shi a labaran ƙarfe tara.