Shugaba da ciwo: laccar da aka yi a Katsina

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo in Allah ya yarda, in kuma shugaban taro ya bari, don na ga tun yanzu ya fara duban agogo.

Na farko, shi ciwo ba jiki kaɗai yake kamawa ba, har shawarar da mutum zai yanke yana taɓawa. Mai ciwon suga in sugansa ya faɗi zaka ga zufa, hannu na rawa, rai ya ɓaci ba gaira ba dalili, in ka kai mashi fayil a lokacin ko ya sa hannu bai karanta ba ko ya fatattake ka. Mai hawan jini da bai samu barci ba shima haka. Wannan likitoci sun fi ni sani, mu wuce.

Na biyu, nan zan daɗe ku yi haƙuri, don mu Katsinawa ba labari aka ba mu ba. Marigayi shugaban ƙasa Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da shi Jidda, likitansa yace kumburin fatar da ta lulluɓe zuciya ne. To ciwo laifi ne? Wa ya fi ƙarfinsa? Abin da ya dagula ƙasa takarda ce guda ɗaya tal. Sashe na 145 na tsarin mulki a lokacin yace in shugaba ya rubuta wa majalisa zai tafi, mataimaki ya riƙe, ba a rubuta ba, shikenan sai aka zauna kwana 78 ga mataimaki a Abuja amma bai da ikon sa hannu, shi kuma mai ikon yana kwance a wata ƙasa. Har ta kai ƙarshen Disamba babban jojin ƙasa Kutigi shi ya rantsar da magajinsa Katsina-Alu, aikin da shugaban ƙasa ya saba yi. Kar sunan ya ruɗe ku samari, ba namu bane, ɗan Binuwai ne (dariya). Takarda guda fa jama'a! A Janairu aka ji muryar Malam Umaru a BBC ta waya, wallahi duk wanda ya saurara ya ji jiki ya yi nisa, kuma wannan hirar ce majalisa ta riƙe a madadin takarda ranar 9 ga Fabrairu 2010 ta ba mataimakinsa Jonathan riƙo. Aka dawo da shi cikin dare, 5 ga Mayu Allah ya karɓi abinsa, washegari muka kai shi maƙabartar Ɗanmarna.

Ni ban ɗora wa mara lafiya ba, wanda ke kwance ina ya ga ta rubutu? Na kewaye da kujera su ake tambaya, don in maigida ya kwanta akwai masu cin abinci da kwanciyar. Kuma ba mu kaɗai ba, Amurka ma a 1919 shanyewar ɓarin jiki ta kama shugaba Wilson, matarsa ke zaɓen takardar da za ta shiga ɗaki. Bayan namu ne aka gyara sashen aka sa kwana 21, in bai rubuta ba majalisa ta ba mataimaki riƙo. Ku dubi Buhari na Daura, Allah ya jiƙansa, a 2017 ya wuce kwana ɗari a Landan, an yi surutu ƙwarai amma ya rubuta takardar, mataimakinsa Osinbajo na sa hannu, ba a tsaya ana neman wa ke mulki ba. Mu da Manzon Allah (SAW) a ciwon ajalinsa yace Abubakar ya ja mutane salla, har sai wani ya koya mana?

Na huɗu... au na uku ne? To na uku, ba kowane ciwo ke hana aiki ba, Roosevelt bisa keken guragu ya ci zaɓe sau huɗu a Amurka. Na'am Hajiya, a miƙa mata lasifika.

(Ta tambaya: to mu da maigidanmu ba gwamna bane, shago gare shi a babbar kasuwa, ciwon ƙoda ya kwantar da shi, yaya za a yi?)

Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Wallahi naku ya fi yawa a gari. Ɗan kasuwa komai cikin kansa yake, wa ke binsa, wa yake bi, lambar sirrin waya, ko babban ɗansa bai sani ba, ran da aka fara wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati sai masu bin bashi su yi layi, waɗanda ake bi kuwa ko duba shi ba za su zo ba. Yau ɗin nan in ya ɗan samu sauƙi ku zaunar da shi da shaidu biyu a rubuta basussukan cikin littafi, a je banki a ƙara mutum ɗaya mai sa hannu a asusun, ya faɗi da bakinsa gaban yaran shago wa zai riƙe makulli. In yace ana mashi fatan mutuwa ne, ki samu amininsa ko limamin unguwarku ya yi mashi maganar, ke ba zai ji taki ba.