Ƙasa Biyu, Jar Ƙasa Ɗaya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ina da ƙane da ya fara gini a bayan gari shekara uku ke nan. Ya kai linta ya tsaya cak. Duk sanda ya tara kuɗin siminti buhu ashirin, kafin ya isa kasuwa sun koma na sha biyar. Makon jiya na raka shi duba wurin, muka tarar awaki sun mai da falon nasa turke. Na ce masa, "Kai kuwa me zai hana ka ƙarasa katanga da ɗakunan baya da tubalin ƙasa na inji?" Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Haba Yaya! In yi shekara ashirin ina aikin gwamnati in ƙare a gidan ƙasa? Me surukaina za su ce?"

Amsar nan ce ta kawo ni gabanku yau. Ba ƙanena nake jin haushi ba, shi abin da ya taso ya gani yake faɗa. Haushina yana kan attajiranmu da hukumominmu na Nijeriya da Nijar, waɗanda suka bar iyakar da ke tsakaninmu ta zama ƙofar siminti kawai.

Ku tuna watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Mai tumatir ya tsaya, mai albasa ya tsaya, mai wake ya tsaya, wasu kayansu suka ruɓe a mota. Ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Amma kafin a buɗe, labari ya fito cewa an ba Dangote da BUA izini na musamman su fitar da siminti, har zuwa Nijar. Ban ce kamfanonin sun yi laifi ba, ɗan kasuwa ya nemi hanya ya samu. Abin lura shi ne, ranar da aka kulle ƙofa aka ce kowa ya dakata, buhun siminti ne ya samu mabuɗi. To, magini fa? Wa ya taɓa nema wa magini mabuɗi?

Domin a can tsallaken, a jihar Tawa, akwai wani gari da ake kira Dandaji. A shekarar 2018 aka kammala wani babban masallaci a garin, mai ɗaukar mutum kusan dubu, da tubalin ƙasa da aka danne da inji. Mata biyu ne suka zana shi: Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili 'yar Iran. Tsohon masallacin garin kuwa, wanda da a wasu garuruwanmu ne da tuni katafila ta bi ta kansa, sai suka gyara shi ya koma ɗakin karatu, kuma suka kira maginan da suka gina shi tun asali aka yi aikin tare da su. Ƙasar da aka yi tubalin da ita daga kusa da garin aka haƙo ta. Aikin ya ci lambar yabo ta duniya, kuma ku ji abin dariya, gidauniyar wani katafaren kamfanin siminti na Turai ce ta ba da lambar. Masu siminti da kansu sun yaba, mu kuwa da muke maƙwabtaka da wurin muna nan muna tambayar me surukai za su ce.

Ba a nan ya tsaya ba. A Yamai, tun 2016, an gina gidaje shida na iyali masu bene, da irin wannan tubalin, a cikin birni, domin masu matsakaicin ƙarfi irin ƙanena. A Yaama, can jihar Tawa, magini Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da laka a 1962, a 1986 aikin ya ci kyautar Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke ta fafutukar samu. Tun farkon shekarun 1980 ake horar da magina a Nijar kan gini babu itace, rufin ƙubba da baka na tubali zalla, saboda giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Hasumiyar Agadas, mita 27 ta laka, tana tsaye, kuma tun 2013 tsohon garin yake cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Mu kuma a wannan ɓangaren me muke da shi? Muna da hukumar binciken gini da hanyoyi, NBRRI, da aka kafa tun 1978, wadda ta daɗe da ƙera injin danne tubali. Muna da masu walda da maƙera a Kano waɗanda in suka ga inji sau ɗaya, mako mai zuwa sun fitar da ɗan'uwansa. Muna da kasuwa, mutane miliyoyi masu neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Muna da jari. Can suna da hannun da ya ƙware da gine-ginen da za a nuna wa mai shakka ya taɓa da hannunsa. Nan akwai inji da kuɗi da masu saye. Tsakanin Katsina da Maraɗi ba a cika kilomita ɗari ba. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Harshe ɗaya, aure ɗaya, zafin rana ɗaya, jar ƙasa ɗaya. Amma ku nuna mini kamfani guda na haɗin gwiwa tsakanin Alhazan Maraɗi da attajiran Kano da ke buga tubalin ƙasa yana sayarwa a ɓangarorin biyu, wanda talaka ya san sunansa kamar yadda ya san sunan buhun siminti. Shinkafa ta san hanya, fetur ya san hanya ko da tsakar dare, atamfa ta san hanya. Sanin gini ne kaɗai aka bari a bakin shinge.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Ginin ƙasa faɗuwa yake. Gaskiya ne, yana faɗuwa, kuma ba zan ɓoye ba. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufto kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. A Satumbar 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. Duk damina muna jin gidajen laka sun rushe a ƙauyuka. Amma a yi wa Allah, ginin da ya yi shekara kusan ɗari biyu a tsaye shi za a kafa hujja da shi a ce laka ba ta da ƙarko? Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwambar 2021, ya kashe mutum sama da arba'in, da laka aka yi shi? Makarantar da ta rufto kan ɗalibai a Jos a Yulin 2024, da laka aka yi ta? Ban ji wanda ya ce a daina siminti ba. An ce a binciki magini da injiniya, kuma haka ya kamata. Gini yana faɗuwa ne in an ha'inci tushe, ko an bar ruwa ya zauna a gindinsa, ko an yi shekaru ba a yi masa yaɓe ba, ko indararo ya toshe ba wanda ya hau ya duba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke shafe bango da makuba, kuma kafin damina kowa ya gyara soronsa.

Kuma tubalin da nake magana a kai ba irin wanda yara ke mulmulawa a bakin kududdufi ba ne. Ana tankaɗe ƙasar, a gwada yawan yashi da yumɓun da ke ciki, a zuba ɗan siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a ɗan jiƙa, inji ya danne shi, a rufe shi ya yi makonni yana shan ƙarfi. Ba a gasa shi, saboda haka ba a ƙona itace ko ɗaya. Tushe a yi shi da dutse da siminti ya ɗago sama da ƙasa, rufi ya fito ya kare bango. Shi ke nan. Bangon yana da kauri, yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya raba ya sake shi. Duk wanda ya taɓa kwana a soron kakarsa a watan Afrilu, ya dawo ɗakinsa na bulo da kwano aka ɗauke wuta, ba sai an yi masa bayani ba.

Yanzu fa kalmomi biyu ne ake ta yayi a tarurruka: gini mai ɗorewa, da sake juya kayan gini kada a zubar. Ana tashi daga nan a hau jirgi a je Turai a zauna a otal a saurari bayani a kansu, a dawo da jaka da hotuna. Su Turawan da dalilinsu, domin yin siminti kaɗai yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, kuma ɓaraguzan gini sun cika musu wuri. Amma wa zai koya wa Bahaushe sake juya kayan gini? Katangar laka in ta faɗi, a wurin ake farfasa ta, a jiƙa, a kwaɓa, a sake ɗora ta. Azarar gidan kaka ita ce ke rufe ɗakin jika. Ku shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ku shiga kasuwar Katako a Yamai, ku ga tsohon kwano da tsohuwar ƙofa da rodi da taga suna sake samun gida. 'Yan gwangwan da muke rainawa su ne ke wannan aiki kullum ba tare da an ba su takardar shaida ba. Har gidan kwalaben roba cike da yashi an gina a Sabon Yelwa ta jihar Kaduna tun 2011. Abin yana hannunmu, tsari da mutunci ne ba mu ba shi ba.

Wuri ɗaya ne nake da shakka, kuma zan faɗe shi. In aka ce kowa ya koma ƙasa ba tare da tsari ba, ramuka za a cika gari da su. Kududdufan Kano da yawa daga haƙar ƙasar gini suka samo asali, yau wasu sun zama juji, wasu an cike su an yi gini a kai, ruwa ya rasa wurin zuwa ya shiga gidajen mutane. Wannan matsala ce ta gaske. Amma ita ma hujja ce a kan maganata: aikin ya fi ƙarfin magini ɗaya da jakinsa. Yana buƙatar kamfani mai lasisin wurin haƙa, mai auna ƙasa, mai mayar da rami in ya gama, mai karɓar ƙasar da ake tonowa a wuraren aikin titi da gadoji maimakon a jibge ta a gefen hanya.

To me ya hana? Za a ce siyasa. An yi juyin mulki a Yamai a Yulin 2023, ECOWAS ta saka takunkumi, aka sake rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar. Duk mun sani. Amma hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971 take, hedikwatarta a Yamai, ta girmi yawancin masu saurarena. Shekara hamsin da ɗoriya ba su isa a zauna a yarda da ma'auni ɗaya ba, wanda in an gwada tubali a Maraɗi aka ce ya yi, hukumar tsara birni a Katsina ta karɓa ba sai an sake jan rai ba? Ba su isa a ba magini takardar sana'a da za ta yi aiki a Birnin Ƙonni ta yi aiki a Illela ba? Ba su isa a ce injin tubali da kayan gyaransa su wuce Jibiya da Maigatari ba tare da kwastan da duwan sun tatse mai shi a kowane shinge ba? An iya yi wa siminti, a lokacin da ƙofa take a kulle. An iya yi wa siminti!

Kuma ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021. In ya kammala zai ɗauki kaya. Tambayata ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Katsina da Maraɗi ita ce, wane kaya? In har taragun siminti ne za su tafi su dawo wayam, to mun ƙara wa tsohuwar hanya gudu ne kawai. A Fabrairun 2024, da buhu ya haura naira dubu goma a wasu wurare, ministan ayyuka ya tara manyan kamfanonin siminti uku aka yi ta roƙo a dawo da shi dubu bakwai zuwa takwas. Haka za mu ci gaba, duk shekara ana taro ana roƙon buhu ya sauko, alhali muna tafiya a kan abin da zai rage mana buƙatarsa?

Ku Alhazai, ba sadaka nake roƙonku ba, riba nake nuna muku. Mutum ɗaya daga Kano ya kawo inji goma, mutum ɗaya daga Maraɗi ko Tawa ya kawo magina goma da suka san aikin, a gina gidaje ashirin a wuri mai kyau a bakin titi, da tayil da wuta da ruwa, a sa wa ƙofa fenti. Gwamna ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce azuzuwan firamare hamsin na bana da wannan tubalin za a yi su. Surukan ƙanena ba lacca za ta sauya musu ra'ayi ba. Ranar da suka ga wani babban mutum ya tare a irin gidan, suka shiga gaishe shi da azahar suka ji sanyi babu janareta, ranar za su fara tambayar nawa ne tubali ɗari.

Ƙanen nawa dai na ce masa bayan salla ya shirya, zan cika mota da mai mu ƙetare ta Illela mu je Dandaji ya ɗora tafin hannunsa a bangon nan. Ya ce zai duba. Awakin suna nan a falo.

Wassalamu alaikum.