Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Kaduna: Lacca Kan Ilimin Tsarin Ƙasa Da Ci Gaba Mai Ɗorewa

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai da ɗalibai, zan fara da abin da kowa ya taɓa gani a garin nan: magidanci ya tara kuɗi ya kira masu haƙar burtsatse, su wuni suna aiki har farar ƙura ta turnuƙe layin, amma ko ɗigo babu, alhali maƙwabcinsa na bayan katanga yana sayar wa 'yan garuwa ruwa. Mukan ce rabo ne, kuma ba mu musun rabo, sai dai akwai sababi.

Kaduna tana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa, saɓanin ƙasar Sakkwato da ta Barno inda shimfiɗun yashi ke riƙe shi. A nan ruwa yana maƙalewa ne cikin tsagogin dutsen da kuma ruɓaɓɓen samansa, don haka wanda ya sauka kan tsaga ya dace, wanda ya kauce mata da taku kaɗan ya yi asara. Auna wurin kafin haƙa yana cikin abin da ake koyarwa a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando.

To, me ke cika tsagogin? Ruwan damina ne, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, muddin ya samu ƙasar da zai nutse. Idan muka sare itatuwa don gawayi, muka malale tsakar gida da siminti, muka yi gini a fadama, ruwan da ya kamata ya sauka ƙasa sai ya ruga Kogin Kaduna a dare ɗaya, ya shiga ɗakunan mutanen bakin kogi, sannan rijiyoyi su ƙafe tun watan Maris. A ganina ambaliyar da ƙafewar ciwo ɗaya ne, ko da yake ma'aikatu daban-daban muke kai wa ƙararsu.

Kogin nan daga tsaunukan Jos ya taso, kuma shi ke juya injinan madatsar lantarki ta Shiroro da ke jihar Neja, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. Laka da zaizayar gonakinmu ke zubawa can take kwanciya, tana rage wa tafkin ciki. Saboda haka, cikin muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, na ruwa da na lantarki da na abinci duk a kan kogi guda suka rataya a jihar nan, kuma mai tsara unguwa yana buƙatar taswirar dutse da ta magudanan ruwa a kan teburinsa kafin ya yanka fuloti.