Wa ya faɗa, kuma a ina ya faɗa?

(An naɗi wannan lacca a wani zama da ɗaliban jami'a 'yan Zango a Aboabo, Kumasi.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an ji wanda ya ruwaito shi, da wanda shi ma ya ji daga bakinsa. To yaron da ya tashi da wannan tarbiyya, yana shiga jami'a sai ya buɗe Google, ya kwashi abin da ya fara fitowa, ya zuba cikin aikinsa ko sunan marubucin bai duba ba. Abin da mu ma'aikatan laburare muke koyarwa ke nan: yadda za ka nemo bayani, ka tantance shi, ka faɗi inda ka samo.

Da yawanku kun san Laburaren Prempeh II na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, ko Balme na Jami'ar Gana da ke Legon, a matsayin wurin samun kujera lokacin jarrabawa. Alhali abin da ke kan kanta kaɗan ne daga dukiyar wurin. Tun 2004 laburaren manyan makarantun Gana suka haɗu a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna CARLIGH, suna haɗa kuɗi su biya wa ɗalibai damar karanta mujallun bincike ta intanet. Maƙalar da wayarka ta ce sai ka biya dala kafin ta buɗe, sau da yawa makarantarka ta riga ta biya. Shiga kawai za ka yi da lambarka ta ɗalibi. Kundin binciken waɗanda suka gabace ku yana KNUSTSpace da UGSpace, rumbunan intanet na KNUST da Legon. Binciken 'yan Afirka kuwa, ku leƙa AJOL, shafin intanet da ya tattara mujallun binciken Afirka.

Sai dai ba duk abin da ya kira kansa mujalla ne mujalla ba. Akwai na 'yan damfara: ka tura maƙala yau, jibi su ce an karɓa, kawo kuɗi. Babu masanin da ya karanta ta. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayensu, har ya rufe jerin a 2017. Kafin ka dogara da mujallar da ake karantawa kyauta, duba ko tana cikin DOAJ, wato jerin mujallun kyauta da aka tantance, duba su waye editocinta, a wace jami'a suke.

Ga kuma sabon salo. Wata ɗaliba ta kawo mini takardar madogararta, tsaf-tsaf, da shekara da lambar shafi. Muka zauna gaban kwamfuta muna bi ɗaya bayan ɗaya. Mujallar tana nan, marubucin ma yana nan, amma maƙalar babu ita a duniya. ChatGPT ne ya ƙaga mata. Ba na hana ku amfani da shi, amma abin da idonka bai gani ba kada ya shiga madogararka.

Malamai, a nan ina da ƙorafi. Zagayen laburare da ake yi da sababbin ɗalibai a makon farko bai wadatar ba. A lokacin hankalin yaro yana kan ɗakin kwana da kuɗin makaranta. Ku ba mu awa ɗaya a cikin darasinku a makon da kuka raba batutuwan bincike. Ku kuma ƙannena, ranar da aka amince da batunku, ku rubuto shi a takarda ku zo teburin tambaya, mu fitar da kalmomin nema tare.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa makirufo.