"Jikina ne ya ba ni": lacca kan ilhamar marubucin labari

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna jina? In ba kwa ji ku ɗaga hannu. Yauwa.

Tambayar da aka fi yi min ita ce malam a ina kake samo labarai, kuma amsar da mu marubuta muka fi son bayarwa ita ce "ilhama ce kawai" ko "jikina ne ya ba ni", don tana sa a riƙa kallonka kamar wani waliyyi. To yau na zo in ɗan ɓata mana wannan amsar. Abin nan da ke zuwar maka kwatsam kana tsakiyar babi, ka ji a ranka cewa a'a yarinyar nan ba za ta ɗaga wayar ba, ba ka san dalili ba amma ka tabbata, wallahi yana faruwa, ban musa ba. Sai dai ba daga sama yake faɗowa ba.

A 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, sun yi gwaji da 'yan wasan ces, darar nan ta Turawa. Za a nuna wa mutum allo na daƙiƙa biyar a rufe, a ce ya mayar da 'ya'yan inda suke. Gwani sai ya mayar da mafi yawansu, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai yadda ba za su taɓa zama a wasan gaske ba, sai gwanin ya dawo kusan daidai da ɗan koyo. Kun ga ke nan ba wata ƙwaƙwalwa ta daban gare shi ba, ya ga irin zaman nan ne sau dubbai har idonsa ya saba. Shi Simon abin da ya tsaya a kai shi ne, abin da muke kira jiki ya ba ni, gane abin da ka taɓa gani ne ba tare da ka tuna inda ka gan shi ba. Ido ba mudu ba ya san kima, amma fa idon da ya daɗe yana kallon awo.

Mu allonmu mutane ne da littattafai. Yadda mai jin haushi yake cewa "ba komai", yadda mutum ke fara gyara abin da bai lalace ba idan ba ya son amsa tambaya, shirun da ke biyo bayan an ambaci sunan wani a ɗaki. Wanda ba ya kula da irin waɗannan, kuma rabonsa da ya karanta littafi har ƙarshe an jima, ya zo yana ce min ilhama ta ƙi zuwa, to ta zo ta ɗauki me?

Ku dubi Mary Shelley, marubuciyar Ingila da ta rubuta Frankenstein, labarin wani ɗalibi da ya harhaɗa wata halitta ya ba ta rai. Ana yawan cewa ai kwance take kawai ta ga Frankenstein, shi ke nan. Eh ta gani, a 1816 a bakin tafkin Janeba, tana 'yar shekara 18. Amma ita da kanta ta faɗa cewa bayan Lord Byron, marubucin waƙoƙin da suke tare da shi a can, ya ce kowa ya rubuta labarin fatalwa ta yi kwanaki ana tambayarta da safe ko ta samu labari tana cewa a'a, sannan ta zauna tana sauraron hirar da ake yi kan ko za a iya dawo wa gawa da rai, daren nan ne ta kwanta barci ya ƙi zuwa ta ga ɗalibin durƙushe kusa da abin da ya harhaɗa. Da kwanakin takaicin da hirar duk suna cikin lissafi. Kuma littafin bai fito ba sai 1818.

Wani masani ɗan Ingila, Graham Wallas, a 1926 ya ce samo sabon tunani matakai huɗu ne: ka sha wahalar shiri, ka bar abin ya kwanta, haske ya zo, ka tantance. Na biyun ne muka kashe da hannunmu. A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa sun bayyana wasu sassan ƙwaƙwalwa da suka fi motsi idan mutum ba ya wani aiki takamaimai, yana zaune hankalinsa na yawo. Yanzu ku faɗa min tsakani da Allah, yaushe rabonku da ku zauna minti goma ba waya a hannu? Ni ma da nake maganar ga tawa nan a aljihu tana ta motsi (dariya). Idan labari ya cije min, tambaya ɗaya tak nake rubutawa, misali me ya sa ya dawo gida da wuri, in rufe kwamfuta in fita tafiya ba waya, sai ɗan littafi da biro, don in amsar ta zo ban rubuta ba kafin in dawo ta gudu, rijiya ta bayar guga ya hana.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Tunda ilhama gane abin da ka saba gani ne, abin da zai fara zuwar maka yawanci shi ne wanda ka fi gani a labaran wasu. Haɗarin mota a daidai lokacin da ake buƙatar hawaye, wasiƙar da aka tsinta a ƙarƙashin filo, duk za su zo maka da daɗin nan a ƙirji kamar kai ka ƙirƙiro su. Daɗin ba hujja ba ne. Daniel Kahneman da Gary Klein, ɗaya ya shafe shekaru yana nuna yadda zato ke yaudarar mutum, ɗayan yana nazarin yadda shugabannin 'yan kwana-kwana ke yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, sun haɗu sun yi rubutu a 2009 suka yarda cewa ana iya dogara da jin jiki ne a fagen da yake da tsari kuma kake ganin sakamakon kuskurenka da wuri. To ku auna aikinmu da wannan. Jimla, in ka karanta ta da ƙarfi nan take kunnenka zai faɗa maka ta karye ko ba ta karye ba, a nan ina yarda da jikina sosai. Amma jikina ya ce min littafin nan zai girgiza duniya, littattafai nawa na rubuta da zan san haka, kuma sai bayan shekara nawa nake jin amsa?

Don haka duk abin da ya zo min kwatsam ina rubuta shi, ba na gardama da shi a ranar. Bayan sati in dawo in tambaye shi, a ina na san ka? In na tuna littafin ko fim ɗin da na gan shi, in ajiye shi gefe in nemi na biyu da na uku. In kuwa ya ba ni ɗan tsoro, ya tilasta min gyara babi uku na baya, yawanci shi nake riƙewa.

Na ga hajiya can ta daɗe da ɗaga hannu, don Allah a miƙa mata makirufo.