Laccar da anka yi a Birnin Kebbi kan iskar haidurojin da rayuwar galaksi

Daga rikodin ɗin wayata na kwafo, farkon bai fita ba saboda ƙarar janareta, daga nan malam ya fara jiyuwa.

...to jama'a, in kana son sanin ko gida zai kai baɗi ai ba tuwon kwano za ka duba ba, rumbu za ka leƙa. Haka galaksi take, wato babban tarin taurari irin wanda ranarmu take ciki. Taurarin da kuke gani da dare tuwo ne, an riga an tuƙa. Rumbun shi ne iskar haidurojin mai sanyi, ita ce ke dunƙulewa a hankali har ta haifi sabbin taurari, amma fa ido bai ganin ta ko kaɗan.

A 1944 wani ɗalibi ɗan Holan, van de Hulst, ya lissafa cewa ƙwayar haidurojin tana sakin siginar rediyo mai tsawon santimita 21, wato megahaz 1420, FM ɗinku iyakarta 108. A 1951 wasu masana biyu, Ewen da Purcell, sunka kama shi a jami'ar Harvard ta Amurka. Abin dariyar kuma, ƙwaya guda sai ta share wajen shekara miliyan 10 kafin ta saki siginar sau ɗaya tak, malalaciya ce ta gaske, yawansu ne kawai ya sa ake jin su. Kuma siginar na ratsa ƙurar sararin sama, kamar dai ranar hazo da ba ka hango mutum a tsallaken titi amma rediyonka na magana rangaɗau.

Da anka auna galaksi da wanga sigina sai anka ga iskar ta zarce inda taurari sunka ƙare nesa, kuma can bakin-baki gudun da take kewaya tsakiyar galaksin bai ragu ba, alhali lissafi ya ce ya kamata ya ragu. Wanga na cikin hujjojin cewa akwai wani nauyi ɓoyayye da ba a gani.

Ni inda ya fi burge ni shi ne gungun Virgo, wani tarin galaksi masu yawa a wuri guda. Kun san in kana bayan kabu-kabu yana sheƙa gudu iska ta fizge maka hula, kai kana nan hula ta tafi? To galaksi in ta kutsa cikin iska mai zafi ta gungun haka haidurojin ɗinta ke fizgewa, taurari na nan daram amma rumbu ya tashi, haihuwa ta tsaya, sai tsofaffin taurari jajaye su rage.

Yanzu MeerKAT, na'urar kama siginar rediyo daga sama da ke Karoo a Afirka ta Kudu, wadda anka buɗe da faranti 64, tun 2018 take wanga aiki na auna haidurojin. Siginar rauni gare ta sosai shi ya sa anka taƙaita waya a yankin... kai ɗan samari can baya, wayarka ce ke ruri ko? A Karoo da tuni an raka ka bakin get.